Sabuwa Mai Araha Ko 'Yar Landan?

Maryam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Ni ce Maryam, ina tare da Sadik, ga kuma Malam Habu da ya rufe shagonsa na gyaran kwamfuta ya zo mana. Malam, sannu da zuwa.

Malam Habu: Yawwa Hajiya, sannunku da aiki.

Maryam: Yau maganar laftof za mu yi. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo da Apple, in suna so mai ƙaramin ƙarfi a ƙasashe irin namu ya sayi kayansu, ta ina za su ɓullo?

Sadik: Anti, ai an sha gwadawa. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin laftof ɗin dala 100 don yaran makaranta, har aka gwada shi a wata firamare a Galadima, Abuja. Da aka zo ƙerawa, kuɗinta ya kusa ninkawa. Intel ta kawo Classmate, Asus ta kawo Eee PC a 2007, HP kuma ta fitar da Stream a 2014 a kan kusan dala 200. Dabarar dai ɗaya ce: a rage kayan ciki, farashi ya sauko.

Malam Habu: To a nan nake da ja. Su suna ganin abokin gasarsu wani kamfani ne mai kayan araha. A Kaduna kuwa, abokin gasarsu tsohon kayansu ne. Ka zaga shagunan da ke kusa da titin Ahmadu Bello ka ga abin da ke kan kanta: EliteBook, Latitude, ThinkPad, duk na hannu, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi 'yan shekaru suna aiki da su suka sallamar. Daga Ikeja ake ɗauko mana su. Ɗalibin KASU ko Kadpoly ya zo da kuɗinsa a ƙulle, ka ajiye masa sabuwa fil a kwali mai ram 4 (ram shi ne ƙwaƙwalwar aiki da ke sa na'ura sauri), ga 'yar Landan mai ram 8 da jikin ƙarfe a kuɗi kusan ɗaya. Wallahi 'yar Landan zai ɗauka.

Maryam: Ko da sabuwar na da garanti?

Malam Habu: Garantin da sai ka aika kaya Legas ka zauna jira? Bari in ba ki misali. Wata malamar makaranta ta kawo mini sabuwa, ba zan faɗi kamfanin ba, wai ta cika ta ƙi motsi. Na kwance bayanta, sai na tarar ram ɗin da ma'ajiyar duk a liƙe suke da allon ciki, ba ramin da za ka ƙara komai. Ma'ajiyar gig 32 ce, Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi. Na mayar da kusoshin na ce mata ta yi haƙuri. Baiwar Allah nan adashi ta ɗauka ta saye ta. Araha ba ta ado, amma wannan ya wuce rashin ado.

Sadik: Amma Malam, su ma akwai abin da suke tsoro. Kamfanin da sunansa ya ginu a kan kaya masu tsada, in ya karya farashi sosai, mai kuɗin ma sai ya koma kan mai arahar. Shi ya sa Xiaomi, masu ƙera waya, ta ware wayoyinta masu araha na Redmi daban. Apple kuwa ta daɗe tana barin tsohon samfuri a kasuwa da rangwame, kamar MacBook Air mai M1 ta 2020 da aka ci gaba da sayarwa shekaru bayan fitowarta.

Maryam: Ni abin da ke ba ni mamaki, ga Transsion a gabansu, masu wayoyin Tecno da itel da Infinix. Sun zo sun duba mu: layi biyu, batir mai jimiri, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, ga wuraren gyaransu na Carlcare. Yanzu har laftof suke yi, Infinix na da INBook, Tecno na da Megabook.

Malam Habu: Batir ɗin nan, Hajiya, shi ne tambayar farko da kowa ke yi mini: awa nawa take yi? Ba kowa ke Band A ba, wato rukunin da aka fi ba wutar lantarki, waɗanda ke ciki ma tun Afrilun 2024 kuɗin wuta ya yi musu tashin gwauron zabi.

Sadik: Ga kuma naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Abin da suke kira araha can, nan albashin watanni ne. Sai dai ko su shigo da biya kaɗan-kaɗan, yadda ake yi da waya da sola.

Malam Habu: Wannan kam zai taimaka. Amma da ni za su tambaya, su karɓi kasuwar na hannun da kansu. Su tattaro tsoffin kayansu, su sa sabon batir, su ba da garantin shekara, su buɗe wurin gyara a Kaduna ko Kano, su riƙa sayar mana da kayan gyara na asali. Sunansu bai zube ba, kuma ba su gina wa kansu kishiya ba.

Maryam: Kana ganin lokacin ya yi?

Malam Habu: Ya ma matso. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da yawancin injinan Intel da ke ƙasa da zubi na 8 ba, wato 8th generation. Irin waɗannan tsoffin ne za a yi ta juyo mana. Duk mai sayen ta hannu, ya fara tambayar zubi na nawa ce kafin ya yi ciniki.

Sadik: Malam, tawa fa zubi na 6 ce.

Malam Habu: Kawo ta gobe bayan la'asar mu sa mata manhajar Linux a madadin Windows, za ta ƙara maka shekaru.