Malam-Buɗe-Littafin Sarauniya Alexandra: Matsayinsa a Rabe-raben Masana da Batun Kare Shi

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, ɗalibai da sauran mahalarta, barkanmu da haɗuwa. Maganata ta yau a kan ƙwaro guda ɗaya ce, wato malam-buɗe-littafin da ya fi kowane girma a duniya, wanda masana ke kira Ornithoptera alexandrae, kuma ba a samun sa ko'ina a doron ƙasa sai a wani ɗan yanki na dazuzzukan lardin Oro, a ƙasar Papuwa Sabuwar Gini.

Macen ita ce babba. Idan ta buɗe fikafikanta sukan kai santimita 25 zuwa 28, kusan tsawon rular ɗan makaranta, launinta kuwa ƙasa-ƙasa ne mai duhu da zane-zanen fari. Namijin bai kai ta girma ba, amma ya fi ta ado nesa ba kusa ba, domin fikafikansa kore ne da shuɗi masu sheƙi, cikinsa kuma ruwan ɗorawa. Wanda bai san su ba zai rantse cewa halittu biyu ne daban.

A shekarar 1906 ne wani Bature mai suna Albert Meek, wanda ke tara wa attajirin Ingila Walter Rothschild samfuran halittu, ya samo ta farko. Da yake ƙwaron can sama yake shawagi a ƙololuwar bishiyoyi inda raga ba ta kaiwa, sai ya harbo ta da bindiga mai ƙananan harsasai, kuma har yau tana ajiye a gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Landan da hujojin harbin a fikafikanta. A 1907 Rothschild ya raɗa mata suna don girmama Sarauniya Alexandra, matar Sarki Edward na Bakwai. Mutanen wurin dai sun san abinsu tun kafin zuwan kowane Bature, shigarsa littattafan masana ce kawai ta fara a lokacin.

To, ina matsayinsa a cikin rabe-raben masana? Tun daga littafin da masanin halittu Carl Linnaeus ya fitar a 1758 ake bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu, ta farko ta nuna rukuni, ta biyu ta nuna jinsi. Wannan ƙwaro yana cikin babban dangin Papilionidae, a reshen da ake yi wa laƙabi da masu fikafikan tsuntsu, wanda ya ƙunshi rukunoni uku: Troides, Trogonoptera da Ornithoptera. Rothschild a Troides ya sa shi, daga baya aka mayar da shi Ornithoptera, rukunin da ya bazu daga tsibiran Maluku na Indunusiya zuwa tsibiran Solomon da arewacin Ostareliya. Wani zai ce wannan ai gardamar masana ce kawai, amma ba haka ba ne, domin doka da suna take aiki. Jami'in kwastan da aka ajiye wa akwatin busassun ƙwari a gabansa dole ne ya iya bambance alexandrae, wanda aka haramta cinikinsa, da ɗan'uwansa priamus, wanda ake sayarwa da takardar izini.

Akwai kuma rabe-rabe na biyu, wanda ake yi bisa girman haɗari. Ƙungiyar IUCN, wato ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi a sahun halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma daga cikin ma'aunan shiga wannan sahu akwai cewa faɗin ƙasar da jinsin ke zaune a kai a zahiri bai kai murabba'in kilomita 500 ba, tare da alamun cewa mazaunin ya rarrabu kuma yana ƙara raguwa. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 don tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta ɗaga shi a 1987 zuwa jadawali na ɗaya, ma'ana an rufe ƙofar kasuwancinsa ruf.

A ra'ayina, duk mai son fahimtar makomar wannan ƙwaro to ya fara duban abincin tsutsarsa. Macen takan sa ƙwai ne a kan wani tsiro mai yaɗo da ke nannaɗe bishiya yana hawa sama, ko kuma dab da shi, wanda ake kira Aristolochia dielsiana, kodayake wasu masanan tsirrai a rukunin Pararistolochia suke sa shi. Tsutsar baƙa ce mai jajayen tsinkuna a jiki, da wani farin tabo a tsakiyar bayanta. Ganyen da take ci yana da guba, ita kuwa ba ya cutar da ita, sai ma ta tara gubar a jikinta ta riƙe ta har bayan ta yi fikafikai, abin da ke sa tsuntsaye su guje ta. Daga ƙwai zuwa fitowa daga ƙwanso ana ɗaukar kimanin wata huɗu, kuma a duk tsawon wannan lokaci rayuwarta a rataye take da wannan tsiro da bishiyar da ke ɗauke da shi. Idan aka sare bishiyar, an sare zuriya guda ke nan ko da ba a taɓa ƙwaro ko ɗaya ba.

Dajin kuwa ya sha wuya. A watan Janairun 1951 dutsen Lamington ya yi aman wuta, ya hallaka mutane kusan 3,000, ya kuma ƙone babban ɓangare na mazaunin ƙwaron. Bayan haka sai manyan gonakin kwakwar manja suka mamaye filin Popondetta, ga kuma masu yankan katako. Abin da ya rage yanzu garke biyu ne a rabe, ɗaya a ragowar dazuzzukan filin Popondetta, ɗaya a kan tudun Managalas. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa garkunan biyu sun rabu tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma bambancin ƙwayoyin gado a cikin jinsin kaɗan ne ƙwarai, wanda ke nufin ƙarfinsa na jure wa cuta ko sauyin yanayi ba shi da yawa.

Wannan ya kawo mu ga muhawarar da ta fi zafi. A 1978 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar kiwo da cinikin ƙwari a garin Bulolo. Tsarin shi ne manomi ya dasa tsiron a gefen daji, macen ta zo da kanta ta sa ƙwai, shi kuma ya ɗebi wani kaso na ƙwansunan ya sayar ta hannun hukuma, sauran ya bar su su tashi. Jinsunan da ke jadawali na biyu na CITES, wato waɗanda ake cinikinsu da takardar izini, sun shiga wannan tsari, amma alexandrae bai shiga ba. Kada a manta, fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar Papuwa Sabuwar Gini mallakar dangogi ne bisa al'ada, saboda haka su ne ke yanke shawarar sare daji ko barin sa. Masu neman a sauko da ƙwaron zuwa jadawali na biyu suna cewa mai gona ba zai ƙi kuɗin kwakwa saboda halittar da doka ta hana shi cin moriyarta ba. Masu adawa kuma suna tsoron cewa halastaccen ciniki zai zama mafaka ga 'yan fasa-ƙwauri, kuma jinsin da ya yi ƙaranci haka ba abin yin gwaji da shi ba ne.

Ni dai ina ganin hujjar ɓangaren farko ta fi nauyi, domin haramcin 1987 ya magance ƙaramar barazana ne, ya bar babbar, wato asarar daji. Sai dai ba zan goyi bayan buɗe kasuwa ba kafin a samu ƙidaya mai inganci ta garkunan biyu, da hanyar tantance ƙwaron da aka kiwata daga wanda aka kamo. Kafin nan, mataki mafi ƙarfi da aka ɗauka shi ne ayyana tudun Managalas a matsayin yankin kariya a 2017, mai faɗin kimanin hekta 360,000, bisa amincewar dangogin da suka mallaki ƙasar. Garken da ke filin Popondetta, a tsakiyar gonakin kwakwa, shi ne ya fi buƙatar a haɗa masa guntayen dazuzzukan da suka saura ta hanyar dasa bishiyoyi da tsiron da tsutsarsa ke ci. Na gode da sauraro, wassalamu alaikum.