Ƙabar matsematsi: inda take fitowa da yadda ake gane ta

Jama'a, barkanku da zuwa. Mu fara da hanyar da ƙaba take bi. A ƙasan mara, dama da hagu, akwai wata 'yar hanya mai tsawon kamar santimita 4 da ta ratsa bangon ciki a karkace. Jariri namiji 'ya'yan marainansa a cikinsa ake halittarsu, sai wajen wata na 7 zuwa na 8 a cikin mahaifa su biyo wannan hanya su sauka. Idan bakinta bai rufe ba, hanji ko kitsen ciki sai ya bi sawu. Wannan ce ƙabar da ta fi yawa, ta yara da samari. Ta fi fitowa a dama, kuma takan gangara har cikin jakar maraina. Ta dattawa kuwa, bangon ne ya yi rauni, hanji ya turo kai tsaye. Kaya mai nauyi irin na 'yan dakon kasuwannin Singa da Dawanau a Kano, daɗaɗɗen tari, yunƙurin bayan gida ko na fitsari, su ke fito da ita fili.

Ta uku, wato ƙabar cinya, ita ce abar tsoro. A saman cinya take fitowa, gefen babbar jijiyar jini, ta fi kama mata, ga ta ƙarama, ga ƙofarta a tsuke. Sau da yawa kaluluwa ake ɗaukarta.

A tsaye ake duba mara lafiya. Ɗora hannu a kan kumburin, ka ce ya yi tari; in ƙaba ce za ka ji ta bugi yatsunka. Sannan ya kwanta, a ga ko za ta koma. Laluba tudun ƙashin mara: ta matsematsi tana samansa, ta cinya tana ƙasa ta waje. Idan kumburin a maraina yake, kama samansa da yatsu biyu. In sun haɗu, kuma hasken tocila ya ratsa shi, gwaiwar ruwa ce. Sai an yi kokwanto ake neman hoto.

Ƙabar da ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga zafi, ga amai, babu bayan gida babu tusa, hanji ne ya shaƙe, kuma cikin 'yan awoyi hanjin yakan mutu. Kada a danna ta da ƙarfi, kada a ba mara lafiya abinci ko jiƙo. A garzaya da shi sashen gaggawa na asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko da tsakar dare ne.