Manganis da Shaidar da Yake Bayarwa kan Tekunan Dā

Malama Hauwa: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu tattauna kan manganis, ma'adinin da ake zuba mafi yawansa a masana'antar ƙarfe. Malam Bashir, me ya sa manyan wuraren haƙar sa suke cikin duwatsun da asalinsu lakar teku ce?

Malam Bashir: Malama Hauwa, dalilin yana cikin ɗabi'ar ma'adinin kansa. Muddin babu oksijin a ruwa, manganis yakan narke ya zauna a cikinsa, yana ta taruwa daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku da kuma abin da koguna suke wankowa daga tudu. Idan wannan ruwa na can ƙasa ya taso zuwa wuri mara zurfi kusa da gaɓa, ya haɗu da ruwa mai oksijin, sai manganis ɗin ya rabu da ruwan, ya kwanta a matsayin baƙar laka.

Malama Hauwa: Ke nan duk inda aka tarar da shimfiɗarsa, an tarar da iyakar da ruwan biyu suka taɓa haɗuwa. Amma ai ƙarfe ma haka yake yi, to ta yaya suke rabuwa?

Malam Bashir: Wannan ita ce gaɓar da ta fi jan hankalina. Ƙarfe ya fi manganis saurin kama oksijin, saboda haka shi yake fara kwantawa, kuma inda ruwa yake ɗauke da ƙibiritu (wato farar wuta) mai yawa, ƙibiritun yakan haɗu da ƙarfen ya nutsar da shi, ya bar manganis a narke. Ana ganin irin wannan a Bahar Aswad, tekun da ke tsakanin Turkiyya da Yukren, har yau, domin daga zurfin kimanin mita 200 zuwa ƙasa ruwansa ba shi da oksijin.

Malama Hauwa: Kuma a wannan yanki ne ma'adinan Nikopol na Yukren da Chiatura na Jojiya suke, waɗanda suka kwanta kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce.

Malam Bashir: Haka ne, sai dai waɗannan na baya-bayan nan ne idan aka kwatanta su da na Kalahari a Afirka ta Kudu, wanda babu kamarsa wajen girma a doron ƙasa. Shekarunsa sun haura biliyan 2, kuma a can shimfiɗun manganis uku ne suke tsakanin shimfiɗun tama. Tunda manganis yana buƙatar oksijin fiye da ƙarfe kafin ya kwanta, masana suna nazarin waɗannan duwatsu domin fahimtar lokacin da oksijin ya fara yawaita a teku da sararin samaniya, wajen shekaru biliyan 2.4 da suka gabata. Na Moanda a Gabon ya biyo baya, a kimanin shekaru biliyan 2.1.