Kifin da ke iyo yana juyi da abin da ya nuna mana kan kurumta

To jama'a, salamu alaikum, na baya a ɗan matso. Yau maganar wani ɗan kifi za mu yi, zebrafish, asalinsa ruwayen Indiya da Bangaladash ne, ko tsawon yatsa bai kai ba. Jaririnsa garai-garai yake, kana sa shi a madubin likita kana hango kunnensa na ciki ba sai ka feɗe shi ba, kuma kwana 5 da saka ƙwan ya riga ya fara iyo yana jin ƙara.

A 1996 aka fitar da sakamakon wani gagarumin aiki da aka yi a Tübingen ta Jamus ƙarƙashin Christiane Nüsslein-Volhard, da wani irinsa a Boston. Sinadarin ENU suka ba mazan kifin don ya lalata ƙwayoyin gado barkatai, sannan suka zauna suna duba zuri'ar. Sai ga wasu jarirai ba sa iya tsayawa daidai a ruwa, suna kwanciya ta gefe, in ka taɓa su sai su yi ta juyi suna wuntsilawa, ka ƙwanƙwasa kwanon ko gezau. Teresa Nicolson ce da abokan aikinta suka bi waɗannan a 1998, kowane iri na kifayen masu matsalar da sunan da aka sa masa, akwai mariner, akwai sputnik, akwai orbiter.

Ku saurara da kyau nan, don nan ne abin yake. A cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kai, a kifin kuma wani ɗan dutse na alli yana zaune a kansu. In ƙara ta zo ko jiki ya karkata sai gashin ya lanƙwasa, to tsakanin gashi da gashi akwai wani siririn zare kamar igiyar da ke jan ƙyauren ƙofa, shi ke buɗe hanya saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Sinadarai biyu ne suka haɗu suka yi zaren nan, cadherin 23 da protocadherin 15, na farkon shi ya lalace a sputnik, na biyun a orbiter, shi kuwa mariner wani sinadarin daban na cikin gashin, myosin 7a, shi ne matsalarsa. Abin da ke taɓa ni shi ne, lalacewar kowanne cikin sinadaran nan uku tana jawo ciwon Usher nau'i na 1 a mutane, a haifi yaro ba ya ji, ya yi jinkirin tafiya, daga baya ido ma ya fara rauni.

Kuma uwar kifin da uban lafiyarsu ƙalau, kowanne rabin matsalar yake ɗauke da shi a ɓoye, sai ɗaya cikin 4 na 'ya'yan ya fito da ita. A mutum ma lissafin ke nan a kowane ciki, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwar haɗuwar biyun, kuma wallahi kuskure ne a ɗora wa uwa laifin ita kaɗai. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa makirufo.