Kujerar laburare haƙƙin wa ce?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Ranar 27 ga Maris, 1961, wasu ɗalibai tara baƙar fata daga kwalejin Tougaloo suka shiga babban laburaren birnin Jakson a jihar Misisifi ta Amurka. Ba su ɗaga murya ba, littattafai kawai suka ɗauko suka zauna. 'Yan sanda suka ce su tashi, wai nan na farar fata ne, nasu yana wata unguwa. Suka ƙi. Aka kwashe su aka kulle, kotu ta ci kowannensu tarar dala 100. Sai a 1966 Kotun Ƙolin ƙasar, a wata shari'a makamanciyar wannan daga jihar Luwiziyana, ta wanke waɗanda aka hukunta don sun zauna a laburare.

Masu korar sun san abin da suke tsarewa. Laburare yana cikin 'yan wuraren da ba a tambayar ka ɗan wane ne, ba a kuma karɓar ko sisi kafin ka zauna. Ɗan mai ga-ruwa da ɗan kwamishina, benci ɗaya, littafi ɗaya.

Mu a nan babu ɗan sanda a bakin ƙofa, amma ƙofar a rufe take ta wata hanya. Rufi yana yoyo, babu wuta, ana tashi kafin La'asar ta yi sanyi. Ginin hedikwatar laburaren ƙasa da aka ba da kwangilarsa a Abuja tun 2006 ya shafe fiye da shekara 15 ba a kammala ba. Mai hali bai ji a jikinsa ba, ya saya wa 'ya'yansa littattafai da janareto. Wadda ta ji ita ce yarinyar da ke shirin jarrabawar JAMB a ɗakin da mutum takwas ke kwana.

Za a ce ai akwai waya. To, data kyauta ce? Kuma waya ba ta ba ka wurin da babu hayaniya, ba ta ba ka ma'aikacin da zai ɗauko wa manomin da aka ƙwace wa gona dokar filaye ta 1978, ya nuna masa shafin da ya yi maganar diyya. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin wanda bai taɓa ganin doka ba, duk abin da aka ce masa ta ce, shi zai karɓa.

Idan ɗan majalisarku ya zo gida hutu, ku tambaye shi nawa aka ware wa laburaren ƙaramar hukumarku a kasafin bana, da ƙarfe nawa kuma ake rufe shi.