Wa Ke Naɗa Masu Kula da Namun Daji? Rigimar da Ta Raba Kan Mafarautan Amurka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi magana a kan yadda ake tafiyar da hukumomin kula da namun daji, na kuma zaɓi in ɗauki Amurka, domin a can ne gardamar take da zafi a 'yan shekarun nan, har ta kai mafarauta da kansu sun rabu gida biyu. Zan fara da abin da na gani da idona. Lokacin da nake karatu a can, wani abokina maharbi ya ja ni zuwa zaman majalisar namun daji ta jiharsu. A zauren wani otal aka yi. 'Yan majalisar suna zaune a bayan dogon teburi, duk mai son magana sai ya rubuta sunansa a kati, a ba shi minti uku, in lokacinsa ya cika wata 'yar fitila ta yi ja. Wani dattijo ya miƙe da hula ruwan lemo, irin wadda mafarauta ke sawa a daji don kada ɗan uwa ya ɗauke su dabba ya sakar musu harsashi, ya zaro lasisinsa daga aljihu ya ɗaga sama, ya ce shekara arba'in ke nan yana biya, saboda haka yana da haƙƙin a saurare shi. Bayansa sai wata malamar makaranta, mai sha'awar kallon tsuntsaye, ta ce ba ta taɓa riƙe bindiga ba, amma dabbobin nan ita ma nata ne kamar yadda suke nasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a dokar ƙasarsu, su biyun duk gaskiya suka faɗa.

Domin a gane yadda aka zo nan, sai mun koma ƙarshen ƙarni na 19. A lokacin farautar kasuwa ta kusa share dajin Amurka. Baunar ƙasar, wadda a da ake ƙiyasta ta da miliyoyi masu yawa, ta koma 'yan ɗaruruwa a daji. Wata irin tantabarar daji da garkenta ke rufe rana in ya tashi ta ƙare ƙarƙaf, ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye dabbobi na Cincinnati a 1914. Waɗanda suka fara kuka a kan wannan ɓarna mafarauta ne, irin su Theodore Roosevelt, wanda ya kafa ƙungiyar Boone and Crockett a 1887 kafin ya zama shugaban ƙasa. Su suka matsa aka haramta cinikin naman daji, aka ƙayyade lokacin farauta da adadin abin da mutum zai kashe. Kotun ƙolin ƙasar kuma, a shari'o'in 1842 da 1896, ta kafa tushen cewa namun daji amana ce a hannun jiha, tana riƙe da ita a madadin dukkan jama'arta. Ku riƙe wannan kalma ta amana, za mu dawo gare ta.

Tsarin da ya biyo baya kusan iri ɗaya ne a yawancin jihohi. Akwai ma'aikata, inda masana dabbobi da masu gadin daji ke aiki, a samanta kuma akwai majalisar kwamishinoni wadda gwamna ke naɗawa. Kada sunan ya ruɗe ku, ba irin kwamishinonin jihohinmu ba ne masu ofis da jerin motoci. Galibinsu mutanen gari ne masu sana'arsu, manomi ko lauya ko tsohon ma'aikaci, suna zuwa zama 'yan lokuta a shekara. Amma ikonsu babba ne: su ke buɗe lokacin farauta, su ke rufewa, kuma a jihohi da dama su ke ɗaukar darakta su kuma sallame shi. Hikimar da aka yi ita ce a sa katanga tsakanin masana da 'yan siyasa, domin kafin nan aikin gadin daji ladan siyasa ne, duk gwamnan da ya hau sai ya kori na da ya zuba yaransa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan hujjar dattijon nan mai hula. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake ɗora wa makamai domin kula da namun daji. A yau kashi 11 cikin ɗari ne a kan dogayen bindigogi da harsasai da kayan baka da kibiya, kashi 10 a kan ƙananan bindigogi. Gwamnatin tarayya ke tarawa ta raba wa jihohi, tana duba faɗin ƙasar jiha da yawan masu lasisin farauta a cikinta. Ga duk dala uku da tarayya ta bayar, jiha za ta kawo ɗaya, wadda yawanci daga kuɗin lasisi take fitowa. Dokar ta kuma gindaya sharaɗi mai kyau ƙwarai: jihar da ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki daban ta rasa rabonta. Da wannan kuɗi aka sayi dazuzzuka, aka dawo da talo-talon daji, barewa mai farar wutsiya ta tashi daga kimanin rabin miliyan a wajen 1900 zuwa wajen miliyan 30. Babu mai adalcin da zai raina wannan aiki.

To amma zamani ya juya. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta 2016 ta sami mafarauta kimanin miliyan 11.5, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 320. Jama'a sun koma birane, kuma da yawansu suna ganin hukumar da ke da alhakin dukkan halittun daji, har da jemage da kwaɗo da ƙudan zuma, ta mayar da hankalinta kacokan kan 'yan dabbobin da ake harbi ko ake kamawa da ƙugiya. Daga nan kiran gyara ya taso: a canza yadda ake zaɓen kwamishinoni, a faɗaɗa aikin hukuma, a nemo mata wata hanyar samun kuɗi.

Jihar Washinton, wadda ke arewa maso yamma, ba babban birnin ƙasar ba, ita ce misalin da masu adawa da gyara suke nunawa. Majalisar kwamishinoninta tana da mutum tara, wa'adin kowa shekara shida, uku daga gabashin duwatsun Cascade, uku daga yamma, uku daga ko'ina, kuma tun ƙuri'ar raba gardama ta 1995 ita ke naɗa darakta. Gwamna Jay Inslee ya naɗa mutanen da mafarauta suke ganin ba nasu ba ne. A Nuwamban 2021 aka kawo batun farautar dabbar beyar da ake yi bayan sanyi ya janye, lokacin da take fitowa daga dogon barcinta na hunturu. Masanan hukumar sun ba da shawarar a ci gaba, suna cewa yawan dabbar zai jure. Kujera ɗaya babu kowa a kanta, ƙuri'a ta tashi huɗu da huɗu, farautar ta tsaya. Shekara guda bayan haka majalisar ta soke ta da ƙuri'a biyar da huɗu. Masu goyon bayan sokewa sun kafa hujja da cewa a wannan lokaci uwa tana shayarwa, in aka kashe ta 'ya'yan sun halaka. Mafarauta kuwa suka ce an yi fatali da maganar masana don a faranta wa mutanen birni. A ƙarshen 2024 wani bincike da majalisar dokokin jihar ta sa cibiyar Ruckelshaus ta gudanar ya nuna cewa da yawa daga waɗanda aka tattauna da su suna ganin majalisar ba ta aiki yadda ya kamata. Daga nan mafarauta da dama a faɗin ƙasar suka ɗauki kalmar gyara a matsayin dabarar da za a bi a raba su da bindigarsu sannu a hankali.

Ni a nawa ganin, sun karanta darasin a baibai. Ba wata sabuwar doka ce ta kawo abin da ya faru a Washinton ba. Tsohon tsarin ne, wanda ya bar zaɓen mutane a hannun gwamna, ya yi aikinsa a hannun gwamnan da ba ya ra'ayinsu. Katangar da suke karewa ashe ƙofarta a buɗe take, sun daɗe ba su lura ba ne saboda masu shigowa abokansu ne.

Mafarautan Niyu Meksiko sun gane wannan, domin su abin ya cije su ta wata fuska. A can, a wancan lokaci, gwamna na iya cire kwamishina duk ranar da ta ga dama. An yi doguwar rigima a kan ko talaka mai kamun kifi yana da damar tafiya cikin ramin kogin da ya ratsa gonar mai kuɗi, kuma a farkon 2022 Gwamna Michelle Lujan Grisham ta sallami mataimakin shugaban majalisar kwamishinonin, wanda ya ce matsayinsa na goyon bayan jama'a a wannan batu ne ya jawo masa. Ba a jima ba kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci cewa jama'a suna da wannan dama. Saboda haka ƙungiyar New Mexico Wildlife Federation, wadda ta mafarauta da masunta ce, ta haɗa kai da masu kare muhalli wajen neman gyara, duk da cewa wasu 'yan uwansu suna yi musu kallon waɗanda suka buɗe wa kura ƙofar garke. A 2025 majalisar dokoki ta zartar da doka: sunan hukuma zai koma na namun daji gaba ɗaya, an ƙara kuɗin lasisi, an kafa kwamitin da zai tantance sunaye kafin su isa ga gwamna, an kuma ware kujeru a cikin bakwai ɗin, ta manomi ko makiyayi, ta mafarauci mai kamun kifi, ta masanin kimiyya, ta mai kare muhalli, tare da tabbatar da wakilcin 'yan asalin ƙasar.

Hujjar "mu ke biya, mu za mu juya" tana da rauni biyu da ya kamata mafarauta su duba. Na farko, ta ci karo da amanar da muka ambata, wadda ita ce ta ba talaka damar farauta tun asali, ta hana dabba zama dukiyar mai fili kamar yadda take a tsohuwar Turai. Wanda ya ce iko na mai biya ne, gobe wanda ya fi shi kuɗi zai maimaita masa maganar. Na biyu, kaso mai yawa na harajin makamai a yau yana fitowa ne daga masu sayen bindiga don tsaron kai ko harbin gwaji, waɗanda ba su taɓa shiga daji ba. Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana da nasa laifin, domin neman kujera ya fi sauƙi a kan sa hannu a aljihu. Jihar Mizuri ce ta warware wannan tun da daɗewa. A 1936 jama'arta suka sa majalisar kwamishinoninsu a cikin kundin tsarin mulkin jiha, mutum huɗu, ba a yarda fiye da biyu su fito daga jam'iyya ɗaya ba. A 1976 kuma suka amince da harajin saye da sayarwa na kashi ɗaya bisa takwas na kashi ɗaya cikin ɗari domin kula da daji da ruwa. Mai sayen takalmi a birnin St. Louis na jihar yana biya kamar yadda maharbi ke biya, don haka babu mai iya ɗaga lasisi ya ce wa wani ya yi shiru.

Na ga wasunku suna murmushi, na san Yankari ce ta faɗo muku a rai, yadda ta koma hannun tarayya a 1991 sannan ta dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Wannan zance ne na wata rana, amma tambayoyin ba su canza ba: wa ke naɗawa, wa ke korewa, daga ina kuɗi ke zuwa.

A kan tambaya ta biyun ce dokar Niyu Meksiko ta yi tuntuɓe. A cikin abin da majalisar dokoki ta zartar akwai sashen da ya ce ba za a cire kwamishina ba sai da dalili, kamar sakaci ko almundahana, kuma sai an ba shi damar kare kansa. Wannan sashe shi ne abin da ya jawo mafarauta da yawa cikin tafiyar tun farko. Da dokar ta iso teburin gwamna a watan Maris na 2025, ta sa hannu a kan sabon suna da ƙarin kuɗin lasisi da kwamitin tantancewa, sannan ta soke wannan sashe. Shugaban taro yana nuna mini agogo, don haka a nan zan dakata, a buɗe fagen tambayoyi. Wassalamu alaikum.