Kyandir Huɗu, Me Ya Sa Aka Kunna Ɗaya?

[Hoto: bidiyon da ke yawo a waya. Hannu ya kunna kyandir ɗaya, uku na tsaye a kashe]

Dakata, kada ka wuce. Na san ka ga wannan bidiyon, don ni kaina sau uku aka turo mini shi a WhatsApp, har da gwaggona da ba ta iya tura komai sai muryar gaisuwa. Kyandir huɗu a cikin ganye, Fada, wato limamin cocin Katolika, ya zo da ashana, ya kunna ɗaya, ya juya abinsa. Shi ke nan surutu ya tashi. Wani ya ce tsadar rayuwa ce ta shiga har coci, ana tattalin kyandir. Wani ya ce iskar hunturu ce ta hure sauran. Wata baiwar Allah kuwa da ta ga shunayyar rigar Fada, tambaya ta yi wa ya rasu.

Ba wanda ya rasu, Hajiya. Lissafin lokacin da ya rage kafin Kirsimeti ake yi da kyandir ɗin nan, kuma a lissafin ne kowa ke zamewa, har da mu da muka tashi cikin abin.

[Hoto: titunan Maraɗi da safe, ƙura, 'yan kabu-kabu sun naɗe fuska. Ƙofar babban cocin Katolika]

Bari mu share fage da sauri. Kiristocin Maraɗi ba gida ɗaya ba ne. Akwai 'yan Katolika, babban cocinsu shi ne Notre-Dame de Lourdes, kuma tun 2001 Maraɗi ke da dayosis nata, wato yankin da bishop ke shugabanta, wanda ya haɗa har da Tawa, Damagaram, Agadas da Diffa. Bishop ɗinsa na farko shi ne Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Akwai kuma ikilisiyar bishara ta Nijar, wato EERN, wadda ta tsiro daga aikin mishan ɗin SIM, mutanen da suka sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri, suka kafa asibitin Danja. Sannan ga sauran majami'u manya da ƙanana. Kyandir huɗu da shunayyar riga, a wajen Katolika za ka fi ganinsu. Da yawa daga cikin majami'un bishara ba sa yi, kuma hakan bai rage musu komai ba ranar sallar Kirsimeti.

[Rubutu a fuska: AVENT / AVANT]

Sunan lokacin ma tarko ne. Da Faransanci ana ce masa Avent, mu kuma bakinmu ya mai da shi Aban. Duk wanda ya yi lakwal, da ya ji, sai ya ɗauka kalmar nan ce avant, wato "kafin". Kafin Nowel, wato Kirsimeti, ke nan, magana ta ƙare. A kunne ɗaya suke, a takarda harafi ɗaya ya raba su. Amma wannan mai e ɗin daga Latin ya fito, adventus, ma'anarsa "zuwa". Lokacin Zuwa, lokacin jiran baƙo. Wanda ya taɓa share gida, ya ɗora tukunya, ya zauna yana leƙen ƙofa, ya san irin zaman da nake nufi.

[Hoto: kalandar watan Disamba a jikin bango, yatsa a kan 25]

To ga wurin da nake so mu zauna. Mutane na tsammanin ranar 1 ga Disamba ake farawa, a ƙirga kwana 24. A'a. Wasu kuma, saboda sabo da azumi da salla, suna tambaya ko wata ake dubawa. Ba a duban wata. Lahadi ake ƙirgawa, kuma da baya da baya ake yi.

Ka san yadda mutanen ƙauye ke lissafin biki? Ba su cika cewa saura kwana kaza ba. Cewa suke saura kasuwa huɗu. To haka coci ke yi, sai dai ita Lahadi ce kasuwarta. Ɗora yatsanka a kan 25 ga Disamba. Koma baya har ka taka Lahadi. Wannan ita ce ta huɗu. Ƙara komawa mako guda, ta uku. Ƙara, ta biyu. Ƙara, ta fari. Nan aka fara, nan aka kunna kyandir ɗayan da kuka gani.

[Hoto: yatsa na tsallake Lahadi ɗaya bayan ɗaya]

Mu gwada da 2025. Kirsimeti ta faɗo Alhamis. Lahadin da ke kafinta 21 ga wata, sai 14, sai 7, sai mu faɗa cikin Nuwamba, ranar 30. Kun gani, Disamba bai ma kama ba an riga an fara. A 2026 Kirsimeti Juma'a ce, farawa kuwa 29 ga Nuwamba.

Saboda haka tsawonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ba ya farawa kafin 27 ga Nuwamba, ba ya wuce 3 ga Disamba. A 2022 Kirsimeti ta faɗo Lahadi, ita kanta ba a ƙirga ta, sai aka samu mafi tsawo, kwana 28 cif. Shekarar da ta biyo, 2023, ta faɗo Litinin, aka samu mafi gajarta, kwana 22. A waccan shekarar Lahadi ta huɗu ita ce 24 ga wata. Da safe an kunna kyandir na huɗu, da dare an shiga salla. Ku tambayi duk wanda ke cikin ƙungiyar mawaƙa yadda maƙogwaronsa ya kwana. Ni ranar Talata da hannu nake magana.

[Hoto: kyandir ɗaya, ya koma biyu, uku, huɗu]

Lahadin fari, kyandir ɗaya. Ta biyu, a sake kunna na farko, a ƙara ɗaya. Haka har huɗu. Shi ya sa idan ka shiga coci a makon ƙarshe za ka tarar ba tsayinsu ɗaya ba, na farko ya cinye ya zama guntu, na ƙarshe yana nan dogo. Ko ba ka da kalanda, da ka dubi tsayinsu ka san inda aka kwana. Wasu wuraren suna ƙara fari a tsakiya, sai daren salla ake taɓa shi.

Uku shunayya ne, launin da 'yan lakwal ke ce wa biyole. Ɗaya ruwan hoda, na Lahadi ta uku, wadda ake kira Lahadin murna, don an ci fiye da rabin hanya. Ranar an yarda Fada ya sa riga ruwan hoda idan akwai. Ban ce komai ba a kan yadda take yi wa wasu.

Ita kuwa shunayya, Hajiya ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, ana iya sa ta wajen jana'iza. Amma a nan alamar tuba ce da shiri.

[Hoto: tsohon zanen ƙafar amalanke da kyandirori a kanta]

Abin dariyar, al'adar ba daga Katolika ta fito ba. Wani malamin Furotesta a Jamus, Johann Hinrich Wichern, shi ake danganta wa ita. Yana riƙon yara marasa galihu a birnin Hamburg, kullum suna damunsa da tambayar yaushe ne Kirsimeti. A 1839 ya ɗauko ƙafar amalanke ta katako, ya jera mata ƙananan kyandirori na ranakun mako da manya huɗu na Lahadi. Daga baya ƙananan suka faɗi, manyan suka rage. Wato maganin yara masu naci ne ya zagayo har bakin Gulbin Maraɗi.

Can da ganyen itacen da ba ya kaɗewa lokacin sanyi suke naɗa shi. Mu nan, shekarar da aka ba mu aikin muna samari, dogon yaro muka samu. Kafin Lahadi ta biyu hunturu ya busar da shi ƙayau, kamar za a daka a yi magani. Kowace Asabar sai mun hau bishiya.

[Hoto: cikin coci, teburin hadaya ba ado sosai, mutane a zaune da rigunan sanyi]

Sai tambayar da maƙwabtanmu Musulmi suka fi yi, kuma tambaya ce mai ma'ana: shin wannan ne azuminku? Tunda azumi ke gaba, salla na biye, ai dole mutum ya auna da abin da ya sani. Amsa ita ce, a Katolika yau babu dokar azumi a wannan lokaci. Azumin kwana 40 da kuke ji, wancan kafin Ista yake. A da can an yi, a ƙasar Faransa ta dā ana farawa tun bayan 11 ga Nuwamba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha har gobe suna azumtar kwana 40 da ɗoriya, su yi sallarsu ranar 7 ga Janairu. Mu kam ana cin tuwo.

Abin da ake kamewa daga gare shi daban ne. Ana rage furanni. Ana sassauta kiɗa. Akwai kuma waƙa guda da ake yi kusan kowace Lahadi, wadda ake kira Gloria, waƙar ɗaukaka Allah da Linjilar Luka, sura 2, ta ce mala'iku sun rera wa makiyaya. Lahadi huɗun nan ba a yin ta. Ana ajiye ta ne kamar sabon ɗinki a ƙasan akwati. Halleluya dai ana yi, wannan sai a azumin Ista ake ɗauke ta.

Ku saurari karatun ma. Lahadin fari ba a ko ambaci jariri ba, maganar komowar Almasihu a ƙarshen zamani ake yi, a zauna a faɗake. Ta biyu da ta uku na Yahaya Mai Baftisma ne, mutumin jeji mai cin fara, wanda da a Maraɗi yake da ba wanda zai ga baƙon abu a cimarsa. Sai daga 17 ga Disamba hankali ke juyawa Baitalami, ga Maryamu, ga Yusufu.

Ra'ayina ne, ba dokar kowa ba: masu buɗe lasifika da waƙoƙin Nowel tun 1 ga wata suna ɓata mana miya. Idan ka cinye naman tun a murhu, me za ka sa a baki in an zauna ci?

[Hotuna da sauri: mata na gwajin waƙa da tulu da kacau-kacau, tela da tarin atamfa, yara na wasan kwaikwayo, buhunan gero da wake a gaban coci]

Sauran kuwa idonku ya ishe ku. Zumuntar mata da ankonsu. Tela, wanda ya rantse gobe, kuma gobensa ba ta cikin kowace kalanda. Yaran da aka naɗa wa zanen gado su zama makiyaya, kullum ana rigima a kan wa zai zama mala'ika. Baikon kaka, wanda a majami'un karkara da damin gero da kwanon wake ake kawo shi. Layin masu zuwa furta zunubi wurin Fada. Ziyarar marasa lafiya da 'yan gidan kaso. Ranar 18 ga wata a tsaya a yi bikin Jamhuriya da kowa da kowa, a dawo a ci gaba da gwaji.

[Hoto: ɗan ɗakin laka da ciyawa, gumakan tumaki da jaki, komi babu kowa a ciki]

Tsaya a nan kaɗan, mai ɗauka. Dubi komin. Wayam. Shi ma wannan ba mantuwa ba ce, jaririn sai daren 24 ake kwantar da shi. Waliyyi Faransis na Assisi ne ya shahara da fara wannan kwaikwayo a garin Greccio na Italiya a 1223. A Wagadugu yara da laka suke gina nasu a ƙofar gida, ana gasa.

[Hoto: dare, mutane na shiga coci, jami'an tsaro a bakin ƙofa]

Daren 24. Sunansa sujadar tsakar dare, amma ba lalle sai sha biyu ba, wurare da yawa da wuri ake yi a watse. Jami'an tsaron da kuke gani a ƙofa, wanda ya tuna Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ba sai an yi masa bayani ba.

Shunayya ta sauka, Fada ya fito da fara. Ku ji abin da aka ɓoye mako huɗu.

[Sauti: Gloria da ganguna da guɗa. A bar shi daƙiƙa goma, ba magana]

[Hoto: safiyar 25, yara ɗauke da kwanoni a rufe suna shiga gidaje]

Washegari hutu ne a duk faɗin Nijar. Shinkafa, kaji, zabi, cincin. Kwanonin nan kuwa gidajen da suka aiko da naman layya za su, bashi ne ake biya, kuma kowace uwa ta san lissafinta ba tare da ta rubuta ba. Da yamma a zo barka da salla, a sha lemo.

Kuma kada ka yi mamaki idan ka wuce cikin Janairu ka ga ado bai sauka ba. Ranar 25 farkon lokacin Kirsimeti ce. Akwai Lahadin Iyali Mai Tsarki, akwai 1 ga Janairu, sai bikin masanan nan da suka biyo tauraro daga gabas, wanda ranarsa 6 ga Janairu, ko Lahadin da ke tsakanin 2 da 8 ga wata. Sai ranar ake matso da gumakansu bakin komi, da raƙumansu. Ana rufewa da tunawa da baftismar Yesu, sannan Fada ya koma koriyar riga.

[Hoto: a koma bidiyon farko, a tsayar da shi a kan kyandir ɗaya]

To wanda ya ɗauki bidiyon nan, Lahadin fari ya je. Malam, ka koma mako mai zuwa da wayarka a cike da caji, za ka tarar da biyu. Idan ka tura, ka haɗa da gwaggona.